Amsa: Ƙadangaren dare tsaka ce?

Malam, ka tambaya ko ƙadangaren dare tsaka ce. A'a, danginsu daban, ko da yake shi ma idonsa ba ya rufuwa kamar nata, ɓawo ne mai sheƙi a kan idon. Masana sun sa shi a iyalin Xantusiidae, mai jinsi uku: Xantusia a kudu maso yammacin Amurka da Meziko, Lepidophyma daga Meziko zuwa Panama, sai Cricosaura a Kuba kaɗai. Ƙadangaren dare ya fi kusa da kulɓa fiye da tsaka.

Sunan ma ya ɓatar da mutane. Yawan ɓuya cikin tsagar dutse ne ya sa aka zaci na dare ne, alhali da rana yake harkarsa. Abin da ya fi burge ni, yawancinsu haihuwa suke yi, ba ƙwai ba.