Layin gidan za ka bincika, sunan unguwa ba ya isa

Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri a wannan niyya taka. Ka ce ka ga gida a wata unguwa cikin birni, ginin ya yi maka, kuɗin ma bai fi ƙarfinka ba, amma wasu na cewa unguwar ba ta da tsaro, wasu kuma na cewa lafiya lau ake kwana a cikinta, kana son sanin yadda za ka gane gaskiya kafin ka biya. Na yi zaman haya a unguwanni daban-daban kafin Allah ya ba ni nawa, na kuma sha raka 'yan'uwa da abokai duba gida, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Mai yiwuwa ne duk ɓangarorin biyu gaskiya suke faɗa maka. Unguwa ba abu ɗaya ba ce. A unguwa guda za ka tarar da layin da ake barin ƙofa a buɗe har dare, ka sha kwana biyu kacal ka faɗa layin da ba mai yarda ya fito da waya daga aljihu. Masu bincike ma sun tabbatar da haka. A 1989 Lawrence Sherman da abokan aikinsa sun bi diddigin kiraye-kirayen da aka yi wa 'yan sanda a birnin Minneapolis na Amurka, suka tarar kusan rabinsu daga kashi 3 cikin 100 na wuraren birnin suka fito. Wani mai bincike, David Weisburd, ya bi bayanan shekara 14 na birnin Seattle, shi ma a Amurka, ya ga kusan rabin laifukan suna aukuwa ne a kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na layukan birnin, kuma galibi layukan nan ba sa sauyawa daga shekara zuwa shekara. To ka ga idan aka ce maka unguwa kaza ta lalace, abin tambaya shi ne wane layi. Ga shi kuma suna yana daɗewa bayan hali ya sauya. Na san unguwar da ake tsoro saboda abin da ya faru tun muna yara, alhali yanzu ta fi wasu masu kyakkyawan suna kwanciyar hankali. Akwai kuma wadda ake yabo har yau, mazaunanta kuwa ba sa barci da ido biyu a rufe.

Don haka ka je da ƙafarka, kuma ba tare da dillali ba. Dillali ya san lokacin da layi ya fi kyan gani, a lokacin zai kai ka, ta hanyar da ta fi tsabta. Ka ajiye mota nesa ka taka. Ka je da sassafe, ka je da tsakar rana a ranar aiki sa'ad da gidaje suka zama wayam, domin ɓarayin gida da yawa sun fi son lokacin da ba kowa. Ka je da almuru, ka koma can cikin dare tare da wani, ka kuma je a ƙarshen mako. Layin da ka gani shiru da hantsi yana iya zama wani wuri dabam bayan ƙarfe goma na dare.

Abin da na fi dubawa idan duhu ya yi shi ne su wa ke tafiya a waje. Idan ka ga mace tana tafe ita kaɗai a natse ba ta waiwaye-waiwaye, ka ga dattijo yana takawa a hankali, ka ga an aiki yaro shago ya dawo yana wasa a hanya, wannan shaida ce da ba a saye da kuɗi. Mutanen wurin sun riga sun auna layinsu da rayuwarsu. Idan kuwa rana na faɗuwa kowa ya shige ya datse ƙofa, ba sauran kowa sai gungun mutane a kwana ɗaya suna bin duk mai wucewa da ido, ka san akwai dalili.

Sannan ka karanta gidajen da kansu, don suna ba da labari. Ƙarfen taga da doguwar katanga ba sa nuna komai su kaɗai, a birane da yawa haka kowa ke gini. Abin lura shi ne sabon aiki. In ka ga gida uku ko huɗu a jere duk an ƙara tsayin katanga kwanan nan, simintin bai ma sake launi ba, an ɗora sabuwar waya mai ƙaya, an sauya ƙofa, to wani abu ya faru a wurin ba da daɗewa ba. Binciken da aka yi a Ingila ya nuna idan aka fasa gida, haɗarin yana ƙaruwa a kan gidan da maƙwabtansa na kusa a makonnin da ke biye, saboda ɓarawo yakan koma inda ya riga ya san mashiga da mafita. Ka zagaya bayan gidan ma. Kango, fili mai duhuwa, ginin da aka yi watsi da shi, lungun da ba taga ko ɗaya da ke kallonsa, ta nan ake shigowa. Ni doguwar katanga ba ta cika burge ni ba, domin duk wanda ya samu ya tsallaka ta, ita ce za ta ɓoye shi daga idon maƙwabta.

Fitilar kan hanya kuwa kada ka raina ta. A 2016 an yi gwaji a wasu rukunin gidajen gwamnati a birnin New York, aka ƙara wa wasu fitilu masu ƙarfi aka bar wasu yadda suke, manyan laifukan da ake yi a waje cikin dare suka ragu da kusan kashi 36 cikin 100 a inda aka haska. Ka duba ko fitilun layin suna kamawa, in sun mutu kuma wa ke gyarawa, cikin kwana nawa.

A nan ne nake so ka natsu, domin mutane da yawa suna ruɗa talauci da rashin tsaro. Tsohon fenti da ƙananan gidaje ba su ne alamar haɗari ba. Akwai ra'ayin da wasu masana biyu na Amurka, James Wilson da George Kelling, suka yaɗa a 1982, cewa tagar da ta fashe aka ƙi gyarawa tana sanar da ɓata-gari cewa ba mai kula da wurin. Masana sun yi ta muhawara a kansa, amma abin da na ɗauka a ciki shi ne bambanci tsakanin wurin da ba kuɗi da wurin da ba kulawa. Layin masu ƙaramin ƙarfi da aka share ƙofar kowane gida, aka gyara magudana, mutane na zaune a waje suna gaisawa, ya fi mini layin manyan gidaje inda mutum zai shekara bai san sunan na kusa da shi ba. Robert Sampson da abokan aikinsa sun bincika yankuna 343 na birnin Chicago, suka wallafa sakamakon a 1997. Cikin abin da suka tambayi mazauna har da ko maƙwabta za su sa baki idan suka ga yara sun gudo daga makaranta, ko faɗa ya ɓarke a ƙofar gida. Inda mutane suka amince da juna kuma suke sa baki, tashin hankali ya fi ƙaranci, ko da talauci ɗaya ne da na wani yankin. Na ga wannan da idona. A wani layi da na zauna, duk baƙon da ya tsaya yana leƙe-leƙe sai wani ya yi masa sallama ya tambaye shi wa yake nema. Ba mu da mai gadi, kuma har na tashi ba a fasa gidan kowa ba.

Gwada wannan ba wuya. Kai ma baƙo ne a wurin. Ka tsaya gaban gidan na ɗan lokaci ka ga ko wani zai kula da kai. In ka daɗe kana zagaye ba wanda ya ɗaga kai, ɓarawo ma haka za a ƙyale shi.

Batun tambayar mutane, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kowane mai ɗaki ne zai faɗa maka ba. Wanda ya mallaki gida a layin ba ya son darajar gidansa ta faɗi. Ka nemi 'yan haya, masu shago, masu gadin dare, masu kwashe shara, direbobin haya da masu kai saƙo. Ka tambayi direba ko yana yarda ya kai fasinja layin cikin dare. In ka samu wanda ya tashi daga wurin kwanan nan, shi ya fi kowa sakin baki. Kuma kada ka ce "akwai tsaro a nan?", kowa zai ce maka lafiya lau. Ka ce yaushe rabon a yi sata a layin nan, me aka ɗauka, ta ina aka shiga, da aka yi ihu wa ya fito, an kira 'yan sanda, sun zo cikin minti nawa. Wanda ya ce maka an sace babur bara, maƙwabta suka fito gaba ɗaya, ya fi kwantar mini da hankali a kan wanda ya ce ba a taɓa yin komai ba. Ka tambayi dalilin sayar da gidan, ka kuma ƙirga gidajen da aka sa a kasuwa ko suke zaune ba kowa a layin.

Alƙaluman 'yan sanda suna da amfani in ana samunsu. A Ingila, misali, ana wallafa taswirar laifuka layi-layi a intanet. In babu irin wannan a wurinku, ka je ofishin da ke kula da yankin ka tambaya. Sai dai ka tuna ba kowane laifi ake kai wa rahoto ba, kuma inda mutane suka yanke ƙauna da hukuma takarda takan fito fes. Yankin da ke da kasuwa ko tasha lambarsa takan yi sama saboda dubban masu shige da fice, ba don ana fasa gidaje ba. Ka duba irin laifin, ka duba ko ƙaruwa yake ko raguwa. Abin da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp kuwa, labari ɗaya yakan zagaya har ka ɗauka sau goma aka yi.

Tsaro kuma ba ɓarawo kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. In kana da yara, gudun motoci a ƙofar gida da titin da za su tsallaka zuwa makaranta sun fi kusa da su a kan ɗan fashi. Ka duba gindin katangu ko akwai shatin ruwa, in da hali ka je bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. Ka duba ko motar kashe gobara ko ta asibiti za ta iya shiga layin, da ko akwai ma'ajiyar mai ko gas a kusa.

Ka tafi da iyalinka aƙalla sau ɗaya, ka saurare su da gaske. Kai za ka fita da safe ka dawo da dare, wataƙila su ne za su fi bin layin a ƙafa, kuma mace takan ga abin da namiji zai wuce bai lura ba. In kana da sarari, ka kama haya a kusa na wasu watanni kafin ka saya. In kuma mai gidan ko dillali ya matsa cewa sai yau, wai akwai wani mai saye a hanya, ka nemi mako biyu. Wanda ya hana ka wannan ɗan lokaci a kan cinikin gida, ka bar masa gidansa.

Idan ka zagaya, ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani da dare, abin da ke bayan gidan, da abin da 'yan hayar layin suka ce maka, sai mu sake dubawa tare.