Zauren Kalmomi: Daga Bakin Nemunas Zuwa Jar Koma

Tambaya: Malam, ina karatu a Kaunas, ƙasar Lituweniya. Masu kamun kifi a bakin kogin Nemunas suna yawan cewa *spiningas*. Kalmarsu ce ta gado?

Amsa: A'a, ɗana, aro ce. Tushenta *spinning* na Ingilishi, wato jujjuyawa. A bakinsu tana nufin sandar fatsa mai ɗauke da ƙaramin injin naɗe zare: a wurga ƙugiya da ɗan kifin ƙarfe ko na roba, a riƙa murza hannun injin, abin yana walƙiya cikin ruwa har kifi mai cin 'yan'uwansa ya kawo cafka. Sandar gargajiya kuwa *meškerė* suke kiranta, ba su yar da ita ba.

Dubi wutsiyar nan ta *-as*. Yawancin sunayen jinsin namiji a harshensu da irinta suke ƙarewa, kuma sai da ita kalma take iya sauya kama a cikin jimla. Sun karɓi baƙo, amma sai da ya sa rigar gida. Mutanen da aka hana buga littafi da haruffansu na Latin daga 1864 zuwa 1904, suka koma shigo da littattafai a ɓoye ta kan iyaka, ba sa wasa da harshe. Har hukumar gwamnati gare su mai tace kalmomin aro. Mu ma iyayenmu haka suka yi, suka ba mu asibiti da burodi da sukurudireba. Yau sai ka ji mai gabatar da shiri a rediyo ya jefo Turanci ɗanye, alhali taru da birgi da mamari suna nan a bakin masuntan Argungu da Yawuri. Ni ban ƙi aro ba, ragwanta na ƙi. Kai ma a wasiƙarka ka rubuta "kugiya", ka cire wa ƙugiya ƙugiyarta.

Tambaya: "Kifi na ganinka mai *jar* koma" ne, ko mai *jan* koma?

Amsa: Jar koma. Launi ake nufi, koma kuwa, wato ragar kamun kifi, kalma ce ta jinsin mace. Ma'ana, wanda kake wa dabara yana kallonka sarai.

Tambaya: Wane ne kifin rijiya?

Amsa: Wanda bai fita ko'ina ba, yana tsammanin garinsu ne duniya.

Tambaya: "Su" da "kamun kifi" ɗaya ne?

Amsa: Su sana'a ce, daga ita aka sami masunci. Yaro da fatsarsa a bakin kududdufi kamun kifi kawai yake yi.