Tambaya da Amsa: Soyayyiyar Taliya da Awara Ba Nama

Tambaya: Na daina cin nama, ina kuma sha'awar soya taliya da awara da kayan lambu, amma kullum sai awarar ta farfashe, taliyar kuma ta caɓe. Ina gyaran yake?

Amsa: 'Yar'uwa, ruwan da ke cikin awarar ne yake ba ki matsala. Ki naɗe ta a ƙyalle mai tsabta, ki danne ta da abu mai nauyi na minti 20, sannan ki yayyanka, ki barbaɗa mata garin sitaci na girki, ki soya ta ita kaɗai, kuma kada ki juya sai ƙasanta ya yi ja, domin yawan juyi ne yake wargaza ta.

Taliyar kuwa, ki sauke ta tun da sauran ƙarfinta, ki ɗauraye da ruwan sanyi. Kayan lambun da ake kakarsu sun fi garɗi, sai ki fara da masu tauri irin su karas a wuta mai ƙarfi, da citta da tafarnuwa, masu ganye su biyo baya. Daga ƙarshe ki haɗa komai da ruwan ɗanɗano na waken soya, wanda a ganina gishirinsa ya wadatar, ki juya na minti 2 ki sauke.