Tambayoyinku: Kiranye, Tsige Gwamna da Sauya Sheƙa

Tambaya: Ɗan majalisarmu tun da ya tafi Abuja ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Ta yaya ake yi wa wakili kiranye? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Malam, dama kuna da ita. Sashe na 69 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 shi ya yi tanadin kiranye ga sanata da ɗan majalisar wakilai, sashe na 110 kuma ga ɗan majalisar jiha. Gwamna da shugaban ƙasa ba a yi musu kiranye, su tsigewa ake yi.

Da farko za ku rubuta takardar koke ga shugaban hukumar zaɓe ta INEC cewa kun yanke ƙauna daga wakilinku. Dole ta ɗauki sa hannun fiye da rabin masu rajista a mazaɓar. A lura, masu rajista aka ce, ba waɗanda suka fito suka kaɗa ƙuri'a ba. In mazaɓarku tana da mutum 200,000 a rajista, kuna buƙatar 100,001, ko da kuwa wakilin da ƙuri'a 40,000 ya ci kujerar. Cikin wannan rajista akwai mamata da ba a cire ba, akwai waɗanda suka yi ƙaura, kuma duk da su ake lissafi.

Daga nan sai tantancewa, kuma nan gizo ke saƙar. Hukumar za ta sa rana, duk wanda ya sa hannu ya zo rumfar zaɓensa da katinsa ya tabbatar shi ne. A kiranyen Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma, an miƙa sa hannun mutum 189,870, amma ranar tantancewa a Afrilun 2018 guda 18,742 kacal aka tabbatar. A 2025 kiranyen Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya ko tantancewar bai kai ba: hukumar ta ƙirga 208,132 alhali ana buƙatar 237,278. In an tsallake wannan siraɗi, sai ƙuri'ar raba gardama, wadda doka ta ce a yi cikin kwana 90 daga ranar karɓar koken.

Shawararmu, kada ku karɓi sa hannun wanda ba ku ga katinsa da idonku ba. Ku rubuta lambar katin da rumfarsa, ku ware mutum ɗaya a kowace rumfa wanda zai fito da jama'a ranar tantancewa. Sa hannun da aka tara a tasha ko bakin kasuwa shi ke kashe kiranye.

Tambaya: Shin majalisar jiha za ta iya zama rana ɗaya ta tsige gwamna? Daga wata malamar makaranta a Gombe.

Amsa: A'a, Malama. Sashe na 188 ya jera matakai, kowanne da wa'adinsa. Sai kashi ɗaya bisa uku na 'yan majalisa sun sa hannu a takardar zargin babban laifi, an fayyace zargin dalla-dalla, an miƙa wa kakaki. Cikin kwana 7 kakaki zai kai wa gwamna kwafi, ya raba wa kowane ɗan majalisa. Cikin kwana 14 majalisa ta kaɗa ƙuri'a, ba tare da muhawara ba, a kan a bincika ko a bari, kuma sai da kashi biyu bisa uku na dukkan mambobi. A majalisar Kano mai kujeru 40, mutum 14 ne za su fara, 27 su amince.

Sannan Babban Jojin jiha ya naɗa kwamitin mutum 7 masu gaskiya da riƙon amana, ba ma'aikacin gwamnati, ba ɗan majalisa, ba ɗan jam'iyya. Gwamna yana da haƙƙin kare kansa, da bakinsa ko ta lauya. Kwamitin yana da wata 3. In ya ce zargi bai tabbata ba, magana ta mutu nan take. In ya tabbata, majalisa ta sake kaɗa ƙuri'a cikin kwana 14, da kashi biyu bisa uku.

Gaggawa ke ɓata aikin. A Janairun 2006 'yan majalisa 18 cikin 32 suka tsige Rashidi Ladoja na Oyo, bayan zaman da suka yi a otal a Ibadan. Kotun Ƙoli ta rushe tsigewar a Disamban shekarar, ya koma kujerarsa. Joshua Dariye na Filato da Peter Obi na Anambra su ma kotu ta maido su a 2007. Murtala Nyako na Adamawa, da aka tsige a 2014, ya samu hukuncin da ya soke tsigewar ne bayan wa'adinsa ya ƙare, kujera ta riga ta tafi. Abin da ke damunmu ke nan: jinkirin shari'a yakan ba wa masu karya ƙa'ida abin da suka nema.

Tambaya: Wanda ya sauya sheƙa yana rasa kujerarsa? Daga Zariya.

Amsa: Ɗan majalisa, a doka, e. Sashe na 68 da na 109 sun ce kujerarsa ta faɗi, sai in jam'iyyarsa ta dare gida biyu ko ta haɗe da wata. A shari'ar Ifedayo Abegunde, ɗan majalisar wakilai daga Ondo da ya sauya sheƙa, a 2015, Kotun Ƙoli ta ce rikicin reshen jiha bai isa hujja ba, sai ɓarakar ta taɓa uwar jam'iyya ta ƙasa. Matsalar ita ce shugaban majalisa ne zai ayyana kujerar a matsayin wadda babu kowa, shi kuwa sau da yawa jam'iyyarsa aka shigo. Gwamna kam kundin bai tanadi cire shi don sauya jam'iyya ba.