An tura mu asibitin ƙauye: a nan ake “samun hannu”?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina ajin ƙarshe a karatun likitanci, an tura mu wani asibitin karkara a Jigawa. Likita ɗaya ne tal, wuta sai an tayar da janareto. Abokaina sun ce a nan ake samun hannu, har tiyata za a bar mu mu yi. Gabana na faɗuwa. Idan na ƙi, ban yi asara ba?

Amsa: Ɗana, faɗuwar gaban nan ita ce daidai, ka riƙe ta.

Wannan magana ta “samun hannu” kowace shekara sai na ji ta, kuma ta ishe ni. Abin da ke ƙarƙashinta shi ne: talakan ƙauye ba zai kai ƙara ba, sai a koya a jikinsa. A ƙauye duk wanda ya sa farar riga likita ne, har mai kemis ɗin bakin kasuwa da ke ɗura allurar naƙuda cikin ledar ƙarin ruwa, mahaifa ta fashe, a kawo mana matar a bayan a-kori-kura da tsakar dare. Idan ka yanka mutum ba wanda ke tsaye a kanka, me ya raba ka da shi? Shekara shida ake karatun nan, kuma ko bayan ka gama, lasisin wucin gadi hukumar kula da likitoci ta Najeriya, MDCN, za ta ba ka, sai ka yi shekara guda ƙarƙashin manya. Kai ko wannan ba ka da shi. Yanka ba wuya, tsayar da jini idan ya ɓalle ne aikin, a wurin da babu ko ledar jini ɗaya a ajiye.

Abin da karkara ke koyarwa daban ne. Ka ƙirga numfashin jariri ɗan wata 2 zuwa 11: idan ya kai 50 a minti, ka yi zargin ciwon huhu ba sai da hoto ba. Kaurin damtsen yaro ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Ka zauna kusa da ungozomar asibitin, ta fi ka sanin naƙudar da ta tsaya. Matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari a asibitin Jahun da ke Jigawa, yawancinsu doguwar naƙuda ce ta kai su.

Idan aka miƙa maka wuƙa likitan ba ya nan, ka ce a kira shi, ko a nemo mota tun da sauran haske.