Tambaya da Amsa: Mai walda zai iya zana kayan inji a kwamfuta?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonni uku na ware wannan makon, duka a kan zana kayan inji a kwamfuta, wato abin da ake kira CAD. Na farkon zai fi cin wuri don ya taɓo abin da ya daɗe yana damuna.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni mai walda ne a tsohuwar kasuwar Panteka a Kaduna, shekarata 11 ina haɗa injin markaɗe da na niƙa. Matsalata duk sanda zan kai aikin fuli (tayar da bel ke juyawa) ko shaf (sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin boris) wajen masu fiƙe ƙarfe sai dai in ɗauki tsohon in ce a yi min irinsa, ko in zana a bayan kwali, wani lokacin a kawo boris ya ƙi shiga wani lokacin kuma ya yi lako-lako. Ƙanena ya bar min laftof ɗinsa, ram ɗinta 4 ne, turancina kuma kaɗan ne. Wace manhaja zan fara da ita, kuma anya irina zai iya? Daga mai karatu a Tudun Wada.

AMSA: Ɗan'uwa barka kadai, Allah ya yi wa sana'a albarka. Zaka iya, kuma ba don in faranta maka rai na faɗa ba. Mutumin da ya yi shekara 11 yana riƙe ƙarfe ya san inda yake lanƙwasa, ya san inda walda ke jan faranti ya karkace, ya san sifana ba ta shiga kowane lungu, toh wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuya, maɓallan kwamfuta kuwa sati biyu uku hannunka zai saba.

Manhajar da zan ce ka fara da ita sunanta FreeCAD. Kyauta ce gaba ɗaya, ba lasisi ba biyan wata-wata, tun wajen 2002 ake gina ta kuma a watan Nuwamba 2024 suka fitar da samfurin 1.0 wanda ya gyara da yawa daga matsalolin da ke korar masu koyo a da. Abin da ya sa na zaɓa maka ita a kan sauran shi ne ba ta buƙatar intanet, sau ɗaya zaka sauke ta, wasu ɗaruruwan megabait ne, ko ma wani ya tura maka ta filash, shikenan ko ba data ko netiwok ya ɗauke aikinka na tafiya. Ram 4 zai ɗauki fuli da shaf da biraket ba matsala, sai in ka fara haɗa injin gaba ɗaya ne zata soma nauyi. Amma ka sayi maus mai taya a tsakiya, kar ka ce da ɗan allon shafawa na laftof zaka yi, da tayar ake juya abu ana matso da shi. Kuma ka saba da danna ajiya kowane minti kaɗan, ka san halin wutarmu, batirin tsohuwar laftof kuma ba abin dogaro bane.

Kafin ma ka kunna kwamfutar, ka nemi kalifa ta awo, irin mai baniya ko mai lamba a sikirin. Tef ɗin da kake awon angul da shi milimita ɗaya-ɗaya yake nunawa, kalifa kuwa tana kai ka har 0.05 ko 0.02 na milimita, kuma matsalar boris ɗin nan da ka ambata duk a wannan ɗan tsakanin take. Kwamfuta abin da ka ba ta shi zata zana, in ka ba ta awon da ba daidai ba zata zana maka shi tsaf da kyau, a je a fiƙe, ya ƙi shiga.

Ga inda nake so ka tsaya ka yi tunani sosai. Tsohon shaf ɗin da kake ɗauka ka ce a yi maka irinsa, ai ya ci, shi ya sa ma ake canza shi. In ka auna wurin zaman boris ka ga milimita 19.8, ba haka aka ƙera shi ba, 20 ne ya cinye. Mai fiƙa in ya kwafi abin da ya gani sai ya kwafo maka har da lalacewar, ka saka sabon boris ka ji yana rawa, daga nan a koma bubbuga shaf da fanci ko a naɗa masa gwangwani, wata biyu injin ya dawo mai shi na faɗa. Maganinsa ka karanta lambar da ke jikin boris. Mai lamba 6204 raminsa milimita 20 ne, bayansa 47, kaurinsa 14. 6205 kuwa 25 da 52 da 15. 6203 shi ne 17 da 40 da 12. Daga 04 zuwa sama in ka ninka lambobi biyun ƙarshe sau 5 ka samu ramin. Waɗannan awon duk duniya ɗaya ne, ko daga Japan boris ɗin ya fito ko daga Chaina, don haka daga boris zaka ɗauko awon shaf, ba daga tsohon shaf ba. Kuma a zane ba'a rubuta 20 kawai a tashi, ana rubuta iyakar sama da ta ƙasa, misali a wurin da ake so boris ya kama shaf da ɗan ƙarfi ana sa daga 20.002 zuwa 20.015, gidan boris mai 47 kuma daga 47.000 zuwa 47.025. Kaga wannan ko kalifa ba ta gama tantance shi, sai maikuromita, wato ma'aunin da ya fi kalifa tantancewa, amma ko ba komai in yana rubuce mai fiƙa ya san wurin nan ba wurin "ai ya yi" bane, zai rage gudu ya riƙa gwada boris ɗin yana ci kaɗan-kaɗan.

Yanzu aikin farko. Kar ka fara da fuli. Fara da farantin da mota, wato mai juya injin, ke zama a kai, a ce tsawo milimita 120, faɗi 80, kauri 8, da huji huɗu. Ka buɗe sashen da aka rubuta Part Design, ka buɗe sabon zane na shimfiɗe, ka ja murabba'i ko da a karkace ne ba komai, sannan ka faɗa masa wannan gefen 120 ne wancan 80, ka sa da'ira huɗu ka ce duk girmansu ɗaya kuma kowacce nisanta da gefe 15. Wannan ɗaure zane da awo shi ne zuciyar aikin. Manhajar tana ƙirga maka saura wuri nawa ne bai ɗauru ba, in ka gama duka zanen zai koma kore. Don Allah kar ka wuce gaba sai ya yi kore, yawancin masu koyo a nan suke gaggawa, daga baya su canza awo ɗaya komai ya wargaje su ce manhajar ce ba kyau. In ya yi kore sai ka danna Pad ka rubuta 8, nan take farantin zai taso ya yi kauri ka juya shi ka ga ko'ina. Pocket kuma shi ke haƙa rami ko ya huda. Kalmomin turancin da zaka riƙa gani kullum ba su da yawa, ka rubuta su a littafi da ma'anarsu da Hausa, ba sai ka iya turanci ba.

Hujin noti ma akwai ƙa'idarsa. In noti M8, wato mai kaurin milimita 8, ne zai wuce ta ciki, hujin 9 ake yi, in kuma tiredi, wato zaren da noti ke ɗauruwa a ciki, za'a yanka 6.8 ake hudawa. M10 kuwa 11 na wucewa, 8.5 na tiredi. Ka bar wa sifana 13 wurin juyawa kewaye da kan M8, wannan kai ka fi ni sani. Wani daɗin kuma, manhajar zata iya ba ka girman cikin abin, ka ninka da nauyin ƙarfe wato gram 7.85 a kowane ɗan curi mai santimita ɗaya ta ko'ina, farantin nan namu zai zo kusan gram 600, kaga tun kafin ka shiga kasuwa ka san kilo nawa zaka saya ka yi wa mai aiki kuɗi ba da ka ba.

In farantin ya zauna maka sai ka zo kan fuli, kuma a nan ne zaka ji daɗin abin. Duk abin da ake fiƙewa, fuli ne ko shaf ko bushin, rabinsa kawai ake zanawa kamar ka tsaga shi biyu ka kalli gefe ɗaya, sai ka danna Revolution ya juya shi kewaye da layin tsakiya ya zama cikakke, daidai yadda injin fiƙa ke juya ƙarfe. Ka sa ramin ki, wato ɗan ƙarfen da ke kulle fuli a jikin shaf, shaf mai 20 ki mai 6 da 6 yake ɗauka. Gobe in mai injin ya ce gudun ya yi yawa, mota mai juyi 1450 a minti da fuli 75 tana jan fuli 150 a juyi 725, kana so ya ragu sai ka buɗe zanen ka mai da 150 ɗin 200, komai ya bi da kansa ba sai ka sake daga farko ba.

Na ƙarshe, mai fiƙa ba laftof zai kalla ba, takarda yake so. Akwai sashen TechDraw da ke fitar da abin ta gaba da ta sama da ta gefe, ka jera awo, ka mai da shi PDF ka buga a shagon kwamfuta, ka rubuta irin ƙarfen da guda nawa. Ka kai masa da ladabi, ka tambaye shi ko akwai abin da injinsa ba zai iya yi ba, dattijan nan da suka yi aiki a masana'antun Kakuri da yawansu da zanen takarda suka koyi aiki, zasu gyara maka kurakuran da ba wani bidiyo da zai nuna maka.

TAMBAYA: Ina wuni Injiniya. Ɗaliba ce ni a Kaduna Poli, manhajar zane ta AutoCAD muke yi amma kowa na cewa SolidWorks ake nema a wurin aiki. Wani ya ce zai saka min wadda aka fasa, wato wadda aka karya wa lasisi. Ya kake gani? Daga mai karatu a Unguwar Rimi.

AMSA: Lafiya lau ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kar ki raina AutoCAD, tun 1982 kamfanin Autodesk na Amurka ya fito da ita kuma har yau a zanen shimfiɗe tana ko'ina. SolidWorks ta zo a 1995, kamfanin Dassault na Faransa ya saye ta a 1997, ita kuma an gina ta ne a kan siffa mai jiki, a zana a ɗaure da awo a taso da shi, irin dai abin da na bayyana wa ɗan'uwanmu a sama. Wannan tsarin ɗaya ne a SolidWorks da Inventor da Fusion da FreeCAD, sunan maɓalli ne ke bambanta, wadda ta iya ɗaya ba zata sha wuya a sauran ba.

Fasasshiyar manhaja kuwa ban ba ki shawara ba. Akwai haƙƙin masu ita, kuma da yawa suna zuwa da bairos da zai iya cinye miki furojet ana gab da miƙawa. Tunda ke ɗaliba ce, Autodesk na ba ɗalibai lasisin shekara ɗaya kyauta ana sabuntawa, ki nema da shaidar makaranta ki samu Inventor ko Fusion na halal. Fusion dai tana son intanet, ki yi lissafin data. Kuma ki daure ki riƙa leƙawa Panteka tunda ga ta nan kusa da ku, ki ɗauki abu ɗaya na gaske ki auna ki zana a ƙera miki ki ga ko ya shiga, ki tara irin waɗannan biyar shida ki nuna wa mai ɗaukar aiki.

TAMBAYA: Salam. Na zana biraket na tura wa masu yankan leza, da suka buɗe sai ya fito ɗan mitsitsi. Kuma ana iya wannan aikin a waya? Daga mai karatu a Kawo.

AMSA: Wa'alaikassalam. Kusan tabbas rikicin inci da milimita ne, inci ɗaya milimita 25.4 ne, in ka zana a inci manhajarsu ta karanta a milimita abin zai ƙanƙance sau 25 da ɗoriya. Ka mai da komai milimita, ka fitar da girmansa na gaskiya ɗaya bisa ɗaya, kuma duk sanda zaka tura ka rubuta musu tsawon gefe ɗaya a saƙo su auna kafin su kunna injin. Masu leza da filasma fayil ɗin DXF suke so, masu injin CNC, wato mai sassaƙa ƙarfe da umarnin kwamfuta, a ba su STEP, firinta mai fitar da abu da roba kuma STL, shi STL ɗin ma ba ya ɗauke da bayanin ko inci ne ko milimita sam, sai ka faɗa da bakinka.

Waya kuma, Onshape na da manhajar waya kuma akwai tsarin kyauta, sai dai dole intanet, kuma a na kyautan duk abin da ka zana kowa na iya gani, don haka kar ka sa aikin kwastoma a ciki. Don duba zane a wurin aiki ko nuna wa mai aiki waya ta isa, zama a zana da awo kuwa ka nemi laftof da maus.