Me ya sa layukan sabbin unguwanni ba sa ɓullewa?

Malam, ka tambayi abin da ya sa a sabbin unguwannin da ke cinye gonakin Gezawa da Dawakin Kudu sai ka bi layi ka tarar katanga ta tare ka.

Awon igiya ne ya jawo. Kowa na yanka gonarsa shi kaɗai, ƙafa 50 a 50, dillali kuwa yawan fuloti yake nema. Layin wannan gona bai dace da na maƙwabciyarta ba, sai ya mutu a kan iyaka. Gidan da kake hangowa sai ka zagaya kafin ka kai, tifar yashi ba ta iya juyawa, ruwan Agusta ya rasa mafita ya kwanta a gindin katanga.

Kafin a kafa turaku, a zauna da dagaci da masu gonakin kewaye a daidaita bakin layuka. Ƙaramin layi kada ya gaza ƙafa 30, babba 50, a ware ƙafa 2 kowane gefe don kwata. Bayan kowane fuloti 6 a fitar da layin da zai ratsa. Burtali kuwa kada a taɓa shi, sau da yawa shi kaɗai ne hanyar da ta ɓulle har bakin titi.